Furar Bayan Rumbu

Wannan makon aka koma lakol, wato makarantar boko, a garinmu, kuma jikata Uwani tana cikin sababbin shiga. Tun da sassafe gidan ya hargitse kamar za a kai amarya. Uwarta tana neman takalmi ƙafa ɗaya, ita Uwani tana kuka wai kallabi ya matse mata kai, ubanta kuwa yana tsaye jikin babur yana ta faɗin a yi sauri, alhali lakol ɗin nan ko ni da sandata ina isa kafin koko ya huce. Ni dai ina bakin ɗakina a kan tabarma, don tsohuwa ba ta da aiki a irin wannan safiya sai kallo da sa baki inda ba a tambaye ta ba. Da aka gama shirya ta, aka rataya mata jaka da gorar kunu, sai ubanta ya durƙusa a gabanta, ya dafa kafaɗunta, ya sassauta murya. Suna cewa kunnena ya yi nauyi, kuma gaskiya ne in ana kirana in riƙe jinjiri. Amma abin da ba a so in ji, wannan ina jin sa sarai.

Ya ce mata, "Ki ji da kyau. Kunun ga naki na ke ɗai. Akwai ɗiyar Hillanin nan ta bakin hwadama da anka rubuta tare da ku. Kada ki zamna kusa da ita, kada ki ba ta komi, kada ki amshi komi nata. In ta tambaye ki bisashe nawa muke da su, ki ce ba ki sani ba. Kin jiya?"

Ta gyaɗa kai ta ce ta ji. Na bi su da kallo har suka fita zaure, raina a ɓace. Maganar ba baƙuwa ba ce a garin nan, kowane uba abin da yake gaya wa ɗansa ke nan yanzu, wasu ma nasu ya fi wannan muni. Abin da ya soke ni shi ne bakin da ta fito daga cikinsa. Ina so yarinyar nan ta tashi da irin zuciyar da na san ubanta da ita yana kamarta, ga shi kuma shi da kansa yake toshe mata hanya.

Mutumin nan ɗan farina ne. A zamaninmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa baki sai dai ki kau da kai wata ta ɗauke shi. Ni "wancan" nake ce masa, in na matsu in ce "kai yaro", har yau da furfura ta fara fito masa a gemu. Uwar mijina, Allah ya ji ƙanta, ita ta riƙe min wannan karatu da ƙarfi. Takan ce, "Ke dai ki cika mai ciki ki yi shiru. In kika yaba shi da bakinki, ke za ki ja mai bakin duniya." Na yarda da ita har zuciyata, don ina tsoron kambun baka kamar yadda nake tsoron maciji a cikin itacen girki. Matan yanzu suna ɗaga 'ya'yan fari a waya suna nuna wa duniya, suna kiran su da suna har da ƙari. Da can ina yi musu tsaki. Kwanan nan na daina.

A wancan lokaci, a nan ƙasar Gidan Sori, in an gama yankan hatsi an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai mai gari ya sa a yi shela an saki gonaki. Kafin rana ta faɗi za ka fara jin su: kukan maruƙa, ƙarar ƙorai a bayan jakuna, da kiran da makiyayi yake yi wa saniya da sunanta ta ɗago kai. Kowane gida da Bafulataninsa. Namu yana da ruga a bakin fadama, ba ya tafiya nesa, kuma da an yi shela yake sauka a gonarmu ta gabas. Shanunsa su ci kara da abin da ya rage na harawa, su bar mana taki, mu kuma mu kai masa dami biyu ko uku na godiya. Matarsa ta kawo nono da hantsi, in auna mata hatsi da ƙoƙon da ta auna min nonon, mu ɓata rabin safiya muna gardamar wa ta fi tara hannu. Ba na cewa ba a faɗa. Ana yi, har a fasa kai, in saniya ta riga shela shiga wake. Amma faɗan yana da iyaka. Dattawa su zauna gindin gawo, a je a duba ɓarna, a sasanta, da la'asar ka ga mai gona da mai saniya suna raba goro. Tsokana kuwa ba a magana. Mu ce musu 'yan daji marasa gari, su ce mana ba mu san komai ba sai cika ciki da tuwo.

Lakol kuwa ba abin marmari ba ne a lokacin. In aka ce masu rubuta yara sun iso, sai ka ga uwaye suna tura 'ya'ya cikin rumbu, ko a aike su daji neman itacen da ba a bukata. Babu takardar haihuwa, don haka ba a tambayar shekaru. Yaro zai miƙa hannun dama ta bisa kansa, in ya kamo kunnen hagu to ya isa, in bai kamo ba a ce ya dawo baɗi. Yara masu wayo sukan noƙe kafaɗa su yi kamar hannun ya gaza. Nawa, da yake ya gado dogon hannun ubansa da rashin wayonsa, ya kamo kunnen har yana ja yana dariya. Aka rubuta shi. Ranar na shiga ɗaki na yi kukana a ɓoye, don ko kukan ba ni da izinin yi a fili. Su ma mutanen ruga aka ce sai sun ba da yaro ɗaya. Suka duba suka ba da wanda kiwo ba zai yi asararsa ba, wani siririn yaro mai ɗingishi, ɗan Bafulatanin namu, wanda ƙafarsa ba ta bari ya bi shanu nesa.

Lakol ɗin rumfar kara ce a bayan gari, an rataye ƙarfen ƙafar mota a jikin aduwa ana bugawa. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙararsa tana haɗuwa da amon turame, don daidai lokacin muke surfe. Yara suna zaune a kan rairayi, malamin da muke kira mushe yana gaba da bulala, suna ta maimaita waƙoƙin Faransanci da ko su ba su san me suke cewa ba, balle mu. Da rana tsaka a sallame su kowa ya tafi gida ya sha fura, bayan azahar a sake buga ƙarfe su koma. Ɗan rugar nan shi kaɗai ne ba ya iya zuwa gida ya dawo, ga nisa ga ƙafa. Labarinsa a bakin rijiya na ji shi, wajen matan da 'ya'yansu ke da surutu, don nawa ba ya kawo min labari, ni ma ba na tambayarsa. Suka ce ranar farko da sandarsa ya zo mushe ya karɓe. Suka ce yara suna toshe hanci in ya zauna, wai yana warin man shanu, kuma in ya buɗe baki da Hausarsa aji duka ya kwashe da dariya. In an tashi sai ya zauna gindin aduwar nan shi kaɗai har a dawo. Mata biyu ko uku sun miƙa masa abinci da za su wuce, ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Muka ce ai Fulani ke nan da fulako, yunwa ta kashe Bafulatani ba zai ci a gaban mutane ba. Muka faɗi haka muka ɗauki tulunanmu, kowa ta ji ta fita haƙƙinsa.

Gaskiyar magana ita ce ba wadda ta so ta matsa masa, don shekarar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke hatsi yana cikin zuba ido, abin da muka sa a rumbu kowa ya leƙa ya san ba zai kai mu damina ba. Maigidana yana fito da zangarniya kamar yana cire haƙorinsa. Ni kuma in na kirɓa fura, kowane yaro dunƙule ɗaya nake dama masa, ƙarami, in cika da ruwa don ido ya ga yawa. Wancan nawa kuwa da ma a tsaye yake shanye tasa, ya lashe ludayi, ya tsaya yana kallon ta ƙannensa. Sai ga shi ana shiga lakol da 'yan kwanaki ya sake hali. Ya karɓi ƙoƙonsa, ya yi kurɓi biyu a gabana, ya fice da shi. Can ya dawo da ƙoƙon fes kamar an wanke. Amma wuyansa yana ta ƙara tsawo, kuma in an sauke tuwon yamma yakan faɗa masa kamar wanda ya kwana uku a daji. Na ce a raina yaron nan ko dai manyan yara suna ƙwace masa, ko ya samo ɗan kwikwiyo yana ciyarwa da hatsin da nake tsintar ƙwayarsa a ƙasa. Da na tuna kwikwiyon sai zuciya ta ɗebe ni. Rana ta biyar na karyo tsumagiyar sabara, na bar shi ya yi gaba, na bi bayansa.

Rumbunan unguwarmu a jere suke a bayan gidaje, kuma da rana tsaka ba mai zuwa wurin sai kaji. Tun kafin in isa na jiyo muryarsa, yana ƙirgen lakol da ƙarfi kamar mai shela, an, de, turwa, in ya kai inda ya iya ya sake dawowa farko. Na laɓe jikin rumbun maƙwabta na leƙa. Yana zaune a ƙasa, ya juya fuska wajen danga, ya ba rumbunmu baya, yana ta ƙirge yana kaɗa kai. A can bayan rumbun kuwa, inda ba mai gani, ɗan rugar nan ne a tsugune da ƙoƙon ɗana a hannu biyu, yana sha da sauri, idanunsa suna yawo. Ashe ƙirgen nan don kada ma a ji ƙarar haɗiyarsa ne. Da ya shanye ya goge ƙoƙon da rairayi, ya ajiye, ya share baki da gefen riga, ya zagayo ta ɗaya gefen kamar yanzu ya iso, ya yi gyaran murya. Sai nawa ya daina ƙirge, ya tashi ya je ya ɗauko ƙoƙon, ya leƙa ciki, ya ɓata fuska.

Ya ce, "Kai, awakin garin ga ba su da kunya. Na aje hurata in yi karatu, sun sake shanye min."

Ɗan rugar ya girgiza kai da gaske, ya ce, "Awaki ba kirki."

Suka kama hanyar lakol tare, nawa yana rage sauri saboda ƙafar ɗayan. Ni kuwa ina tsaye da tsumagiya a hannu. Mu manyan mata mun ce fulako ne mun wuce, yaron da jiya-jiya ya kamo kunnensa shi ya gano yadda za a ciyar da mai kunya ba tare da an taɓa kunyarsa ba. Ba wanda ya koya masa. Ni ban koya masa ba, ubansa kuwa ko kusa, shi in zai yi maka alheri sai unguwa ta ji. Na haifi tara, na aurar, na ga jikoki, amma ban taɓa jin daɗin haihuwa ba kamar wannan rana a bayan rumbu. Na so in ruga in ɗauke shi sama, in kira sunansa da ƙarfi kowa ya ji. Ban yi ba. Na juya na koma gida na ci gaba da tankaɗe, hawaye suna zuba a cikin garin.

Uwar mijina ce ta gan ni, ta tambaye ni wa ya mutu. Na gaya mata. Ita ma na ga idonta ya kawo ruwa, sannan ta ce, "To ki riƙe bakinki. Kada ki hwaɗa ma kowa, shi ma kada ki nuna mai kin gani. Yaro in ya san ana kallon kirkinsa, don a gani zai koma yi." Na ce to. Washegari na dama masa dunƙule biyu, na cire ɗaya daga nawa, na miƙa masa ƙoƙon ina kallon wani wuri. Haka muka yi shekarar nan har ruwa ya sauka. Wata rana uwar yaron ta zo da ɗan kasko cike da man shanu, ta ajiye a bakin ɗakina, ta ce da Hausarta, "Wannan na mai awaki ne." Na ce an gode. Ba ta ƙara ba, ban ƙara ba, muka shiga gardamar nono.

Ɗan rugar shekara biyu ya yi a lakol suka janye shi, amma abotarsu ba ta yanke ba. Suka girma, kowa ya yi iyali. Da uban ɗan rugar ya rasu shi ya ci gaba da sauka a gonarmu ta gabas da 'yan shanun da suka rage. Inna yake ce min. Har ya yi gemu bai taɓa cin abinci a gabana ba, in ya zo sai in sa a kai kwano zaure, kowa ya tuno wani aiki ya ba shi wuri. Ban san ranar da abubuwa suka fara lalacewa ba, don ba rana ɗaya ba ce. Mutane suka yi yawa, gonaki suka rarrabu har ta kai ɗan gado yana samun abin da bai fi shimfiɗar tabarmi ba. Aka fara cin burtali taku ɗaya bana, taku ɗaya baɗi, har hanyar da garke ke bi ta koma ta jaki ɗaya. Karan da muke bar wa shanu aka koma kwashe shi tas a tara a kan bishiya, harawa kuwa ko ganye ɗaya ba a bari. Ana yin shela an saki gonaki, shanu su shigo su tarar da ƙasa fayau. Su ma samarinsu suka daina jiran shela. Dattawan da ke zama gindin gawo suka mutu ɗaya bayan ɗaya, gawon ma aka sare, ƙaramar magana sai ka ji an kira jandarma.

Sannan masu bindiga suka fara zuwa a kan babura daga wajen iyaka. Da rana tsaka suka sami ɗana a gona, suka kwance masa shanun amalanke biyu, suka bar shi kwance da karyayyen haƙarƙari. Ƙanen matarsa da ke tare da shi suka tafi da shi, sai bayan wata uku ya dawo, kuma har yau in ya ji ƙarar babur sai ya nemi bango. Gari ya ɗauka cewa wani ne ya nuna, kuma ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba, tunda wasu cikin maharan an ji suna Fulatanci. Ba wanda ya ga komai, ba wanda ya kama kowa. Amma aka daina sayen nono, aka daina amsa sallamarsu a bakin rijiya, samari suka fara zagaya ruga da gora a kafaɗa. Kafin kaka ta zagayo yawancinsu suka ɗaure kaya. Abokin ɗana ya biyo ta ƙofar gidanmu da jakunansa da iyalinsa, yana jan ƙafar nan tasa, ya yi sallama sau uku. Ɗana yana cikin ɗaki, yana ji, bai fito ba. Ni na fita. Ya durƙusa ya ce, "Inna, mu za mu tahi. A yahe muna. Ki gaida min shi, ki ce Allah shi ba shi lahiya." Na ce zan gaya masa, kuma na gaya masa, ya juya fuska bango. Tun daga ranar ba mu sake jin ko suna raye ba. Gida uku ne suka rage a bakin fadama, waɗanda ba su da ƙarfin tafiya, kuma daga cikinsu ne aka rubuta yarinyar da ake gargaɗin Uwani a kanta.

Duk wannan ya dawo min a safiyar nan ina zaune a kan tabarma. Da ya dawo daga kai ta, yana ƙoƙarin jingine babur, na ce, "Kai yaro, zo nan." Ya waiwaya ya ga ko da wani nake, don rabon da in kira shi haka kawai ba aike ba, ni ma na manta. Ya zo ya tsuguna nesa kaɗan. Na ajiye kunyar da na riƙe fiye da shekara arba'in, na ba shi labarin tun daga tsumagiyar sabara har zuwa awaki. Yana ji yana zane a ƙasa da makullin babur, bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, "Ai na gan ki, Inna."

Na ce, "Ka gan ni?"

Ya ce, "Na ga inuwarki jikin rumbu, na ga tsumagiyar. Kwana ukku ina jiran kashi. Da na ga ba ki buge ni ba, ba ki kuma ce komi ba, na aza hushin ya wuce na bugu. Na aza na yi miki ɓarnar hatsi cikin shekarar yunwa, kin dai ƙyale ni."

Na ce, "To hurar da na ƙara hwa?"

Ya ce, "Na aza don kada in mutu miki na."

Na rasa inda zan sa kaina. Shekara da shekaru ina ɗauke da abin nan kamar zinariya a ƙullin zane, ashe shi a wajensa laifi ne da aka yafe masa. Na ce masa, "Ban yi hushi ba. Ban taɓa yin alfahari da wani ɗa ba kamar yadda na yi da kai rannan. Ni ce ban hwaɗa ba." Na ga idonsa ya kaɗa, har na fara sa rai.

Sai ya ce, "Da kin hwaɗa min tun sannan, ban san yadda zan zama ba. Wataƙila da na hito rannan da ya yi sallama. Amma yanzu maganar ɗiyata a kai, Inna. Ban ce yarinyar can ta yi komi ba. Ban dai san wa ka tambayarta in ta koma gida ba. In wani abu ya samu Uwani, labarin ga ba ya maido min ita. Don Allah kada ki ba ta shi."

Na so in ce masa ƙarya yake, na duba ban ga ƙaryar ba. Ni na yi jinyar haƙarƙarin nan, ni nake jin tarinsa in sanyi ya shigo. Ban sani ba ko yabon uwa yana iya tsayawa a gaban bindiga, wataƙila ko na yaba shi kullum safiya haka zai koma. Amma ban gwada ba, kuma wannan ne yake cina. An ce min in yi shiru don in tsare abin, na yi shiru, abin ya mutu a hannuna ba tare da mai shi ya san yana da daraja ba. Yanzu kuwa ba na ganin ta inda zai dawo. Waɗanda suka san yadda ake zama da juna suna ƙarƙashin ƙasa, mu da muka rage ba a tambayarmu, yaran da ke tasowa kuma ba su taɓa ganin Bafulatani ya sauka a gonar ubansu ba, sai dai su ji ana rage murya in an ambace shi. Gida ukun nan na bakin fadama ma ba na jin za su kai baɗi. Na ce masa na ji, ba zan ba ta ba.

Da rana tsaka aka buga ƙarfe, sai ga Uwani da gudu, kallabi a hannu, jaka tana dukan bayanta. Ba ta nufi ɗakin uwarta ba, kaina ta faɗo, don ni ce mai sauraron labarinta tun tana gwaranci. Ta ba ni labarin mushe, da allon da aka ba ta, da yaron da ya yi fitsari a wando. Ubanta ya shigo yana tsaye a bakin zaure yana jin mu. Sai ta ɗaga gorar ta girgiza min ita, ba komai a ciki.

Ta ce, "Kaka, ɗiyar Hillanin nan ba ta zo da komi ba. Da anka hito shan iska tana ta kallon gorata. Ban ba ta ba. Da ta matso kusa ma sai na tashi na koma wajen su Hadiza. Na kyauta ko?"

Ta tsaya tana kallona, ido fal da jira, irin jiran da na ƙi biya wa ubanta. Na ɗaga kai, shi ma ni yake kallo. Yarinya ce, abin da aka ce ta yi shi ta yi, kuma na riga na ga abin da shiru yake haifarwa. Na dafa kanta, bakina da ɗaci, na ce, "Kin ji maganar babanki. Allah shi yi miki albarka."

Ta yi tsalle ta sauka daga cinyata, ta ruga ɗakin uwarta tana kira tun daga tsakar gida, wai a zo a ji, Kaka ta yabe ta.